Hayaƙin Rami da Jan Zoɓo: Labarin Meskal daga Wahaka zuwa Maigatari

Wanda ya bar birnin Wahaka, a kudancin ƙasar Meziko, ya bi hanyar da ta ratsa kwarin Tlakolula, hancinsa ne zai fara sanar da shi ya kusa garin Santiyago Matatlan tun kafin idonsa ya ga gidaje. Ƙamshi ne kamar na gasasshen rake, gauraye da na itacen da wuta ta cinye ya koma garwashi. A bayan gidaje da gefen gonaki zai ga tudun ƙasa suna fitar da tururi a hankali, irin yadda masu yin gawayi ke binne itace a daji. Amma abin da ke ƙarƙashin ƙasar ba itace ba ne. Zuciyar wani tsiro ce da ya shekara bakwai ko takwas yana tara zaƙi a cikinsa, aka sare shi, aka binne a kan duwatsu masu zafi. Daga nan ake samo meskal, abin shan da a yau ake jera kwalabensa a manyan biranen Amurka da Turai, ana yabonsa da ɗanɗanon hayaƙi.

Gara a faɗi magana tun daga farko: meskal giya ce, mai ƙarfi kuwa, domin dokar Meziko ta ƙayyade barasar da ke cikinta tsakanin kashi 35 zuwa 55 cikin 100. Hukuncinta a wurin Musulmi sananne ne, kuma ba abin da wannan rahoto zai taɓa ba ne. Abin da ya ja ni ga labarinta shi ne, cikin haɗe-haɗen da aka fi yi da ita akwai wani ja wur, wanda jan launinsa ya fito daga furen da mutanen Meziko ke kira hamaika. Hamaika kuwa ba wani abu ba ne illa zoɓo, kuma mai yiwuwa ne zoɓon da ya rina kofin ya fito daga gonar wani manomi a Jigawa. Sannan ita kanta dabarar sa hayaƙi ya zauna cikin abin sha ba sai da barasa take aiki ba.

Tsiron da ba ya gaggawa

Masana na kiran tsiron agabe, mutanen ƙauye kuma suna ce masa magei. Ganyensa kauri ne da shi, dogaye masu tsini, da ƙayoyi a gefe, suna fitowa daga gindi ɗaya kamar an kafa takubba a ƙasa. Irin da aka fi nomawa a Wahaka ma sunansa espadin, daga kalmar takobi a harshen Sifaniyanci. Wanda ya san igiyar sisal da ake nomawa a Tanzaniya da Kenya ya san ɗan uwansa, don dangi ɗaya ne.

Espadin ne mai saurin cikinsu, shi ma sai ya kai shekara shida zuwa takwas kafin ya nuna. Tobala, ɗan ƙarami da ke fitowa a tsakanin duwatsun tsauni, yana wuce shekara goma. Tepestate, wanda ke maƙale a jikin ganuwar dutse, yana iya kai shekara ashirin da biyar. Mutum zai iya shuka shi ranar da aka raɗa wa ɗansa suna, ya girbe shi bayan ɗan ya yi aure. Duk tsawon wannan lokaci tsiron na ajiye abinci ne a zuciyarsa don aiki guda: ya fitar da wani dogon kara da suke kira kiyote, mai tsawon mita da yawa, ya yi fure sau ɗaya tak a rayuwarsa, sannan ya mutu. Manomi yakan riga shi. Da ya ga karan ya fara leƙowa sai ya datse, zaƙin ya tsaya a ciki. Bayan wasu watanni sai a sare ganyen duka, a bar dunƙulen tsakiya, wanda ke kama da ƙatuwar abarba, shi ya sa suke kiransa pinya. Na espadin guda ɗaya yakan kai kilo hamsin ko fiye.

Inda hayaƙin ke shiga

Ɗanyar pinya ba ta da zaƙin kirki, hasali ma ruwanta na sa ƙaiƙayi a fata. Abincin da ta tara yana cikin dogayen sarƙoƙi ne da yis ba ya iya ci, sai zafi ya kakkarya su sun koma sukari. A nan ne hanyar meskal ta rabu da ta takila, wadda ake yi galibi a jihar Halisko da irin agabe guda ɗaya, shuɗi. Masu takila suna turara tasu da tururi cikin tanda ko manyan tukwanen ƙarfe, saboda haka babu hayaƙi a ɗanɗanonta. Mai meskal na gargajiya rami yake haƙawa.

Ramin yana da faɗi a baki, yana tsukewa a ƙasa kamar mazurari, galibi an jera duwatsu a bangonsa. Ana cika gindinsa da itace mai nauyi, a cinna wuta, a tara duwatsun kogi a kai. Sa'o'i ake yi ana jira har itacen ya zama garwashi, duwatsun su yi ja. Wannan jiran shi ne gwanintar. Wanda ya yi gaggawa ya zuba pinya alhali itace na hayaƙi baƙi, zai samu abin da ke ɗaci kamar ƙonannen tuwo. Idan wutar ta kwanta, sai a shimfiɗa jiƙaƙƙen tukar magei da ta rage daga aikin baya a kan duwatsun, don kada pinyar da ke ƙasa ta ƙone. A jibga pinya har ta yi tudu, manya a ƙasa, ƙanana a sama, a rufe da tabarmi ko tamfol, a bi da ƙasa. Kwana uku zuwa biyar ake barinta. Idan aka tone, farar pinya ta koma ruwan ƙasa mai duhu, tana danƙo, yara na tsinkar ɓangarenta suna tsotsa kamar rake. Sunan meskal ma daga nan ya samo asali, domin a harshen Nahuwatal na mutanen Aztek kalmar na nufin dafaffen magei. Tun kafin a san tace barasa a ƙasar, abinci ne mutane ke gasawa su ci.

Ƙamshin da ke kama pinya cikin rami ba baƙo ba ne a hancinmu. Idan itace ya ƙone yana sakin wasu sinadarai, cikinsu akwai guwayakol da siringol, kuma su ne dai ke ba kifi banda ƙamshinsa, su ne ke bambanta balangun da aka gasa a kan itace da naman da aka soya a tukunya. Abin mamaki shi ne yadda suke bin ruwan magei har ƙarshen tafiyarsa, su tsallake tacewa biyu, su fito cikin ruwa garau kamar na rijiya.

Sauran aikin ba shi da wuyar fahimta, sai dai wuyar yi. Ana sara gasasshiyar pinya, a niƙa ta ƙarƙashin wani ƙaton dutse mai siffar taya da ake kira tahona, doki ko alfadari na jan sa yana zagayawa. A wasu ƙauyukan da hannu ake dakawa da manyan guduma na itace. A zuba ruwan da tukar cikin manyan bahon katako a buɗe, a ƙara ruwa, a bar yis ɗin da ke cikin iska ya yi aikinsa, mako guda ko biyu gwargwadon zafi da sanyi. Sannan a tace sau biyu a tukunyar tagulla, ko ta yumɓu kamar yadda ake yi a Santa Katarina Minas. Wurin aikin gaba ɗaya sunansa palenke, galibi rumfa ce kawai a bayan gida, kuma da yawa daga masu sana'ar 'yan ƙabilar Zapotek ne da suka gaje ta kaka da kakanni. Ita tukunyar tagullar Sifaniyawa ne suka kawo ta bayan sun ci ƙasar a ƙarni na 16, sunanta alambike, wanda su ma suka aro daga Larabci.

Daga abin shan talaka zuwa teburin masu hali

Shekaru aru-aru meskal abin ƙauye ce, ta biki da makoki da ranar kasuwa, mutanen birni na yi mata kallon raini. A 1994 gwamnatin Meziko ta ba ta kariyar suna, wato ba wanda zai sayar da abu da sunan meskal sai an yi shi a yankunan da aka amince. A 1995 wani mai zane Ba'amurke, Ron Cooper, ya kafa kamfanin Del Maguey, yana kai kwalabe Amurka ɗauke da sunan ƙauyen da aka yi kowacce. A 2007 wani mai haɗa abin sha a New York, Phil Ward, ya sa 'yar meskal cikin wani tsohon haɗi a mashayar Death & Co, ya sa masa sunan Wahaka, abin ya karɓu. A 2011 abokin aikinsa Joaquín Simó ya fito da nasa mai ɗanɗanon 'ya'yan itace da lemun tsami. Daga nan kasuwa ta buɗe. A 2016 aka fito da dokar da ta kasa meskal gida uku gwargwadon yadda aka yi ta, ta masana'anta, ta hannu, da ta kakanni. A 2017 katafaren kamfanin Faransa Pernod Ricard ya sayi mafi yawan hannun jarin Del Maguey.

A Wahaka dai ba a cika gauraya ta da komai ba. Kurɓa ake yi kaɗan-kaɗan, da yankan lemun zaƙi a gefe da wani gishiri da aka daka da barkono da busasshiyar tsutsar magei. Haɗawa da 'ya'yan itace al'adar birni ce, kuma ta shiga gidaje. Masu yi a gida sukan auna kamar mililita 50 na meskal, rabin haka na ruwan lemun tsami, ɗan abin zaƙi, da ruwan abarba ko mangwaro ko hamaika, su girgiza da ƙanƙara, su shafa gishiri da barkono a bakin kofi. Dalilin da haɗin ke aiki a fili yake ga duk mai girki. Hayaƙi shi kaɗai nauyi ne da shi, yana zama a harshe. Tsami ke ɗaga shi, zaƙi ya rage masa kaifi, gishiri ya fito da ƙamshin 'ya'yan itacen. Mai cin tsire da ke neman albasa da tumatir da matsin lemun tsami, wannan lissafin yake bi.

Hamaika

A kowace kasuwa a Meziko akwai masu sayar da ruwan sanyi cikin manyan tuluna na gilashi, kuma uku ne ba sa rasawa: na shinkafa mai kirfa, na tsamiya, da na hamaika. Bahaushe da ya tsaya gaban teburin zai ga biyu daga ciki 'yan gida ne. Ana noman hamaika a can, musamman a jihar Gerero da ke maƙwabtaka da Wahaka, amma abin da suke nomawa bai ishe su ba. Sai sun sayo daga waje, kuma Nijeriya da Sudan na cikin manyan masu sayar musu.

Yakuwa ba ta son ruwa da yawa, shi ya sa ta karɓi ƙasar Jigawa da Katsina da Kano da sassan Borno da Yobe, da kudancin Nijar. Da yawa ma a gefen gona ake shuka ta, ta zama iyaka tsakanin gero da gyaɗa. Bayan kaka mata da yara ke ɓare ta da hannu, aiki mai cin yatsa, a shanya a rana. 'Yan kasuwa su tara buhu-buhu daga kasuwanni irin ta Maigatari da ke bakin iyaka, a kai Kano a tsince a tankaɗe a danne cikin buhuna, a ɗora a mota zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas. Wannan ciniki ya taɓa tsayawa cak, lokacin da hukumomin Meziko suka ce sun samu ƙwaron kafra, mai ɓarna a rumbunan hatsi, cikin kayan da suka fito daga Nijeriya. Suka rufe ƙofa na tsawon shekaru, farashi ya faɗi a ƙauyuka, sai da aka yi yarjejeniya kan feshin magani da binciken kaya kafin a sake buɗewa. Manomin da bai taɓa jin sunan Meziko ba, hukuncin wani ofishi a can ya taɓa kuɗin cefanensa.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda kwalbar meskal ke ɗauke da sunan ƙauye, da irin tsiron, wani lokaci har da sunan wanda ya yi ta, amma zoɓon da ke kusa da ita a kofi ɗaya ba shi da suna ko asali. A buhu ya tafi, a kilo aka saye shi. Mutanen Wahaka sun sa duniya ta yarda cewa magein wani tsauni ya bambanta da na wani. Duk matar da ke dafa zoɓo ta san akwai mai duhu sosai, akwai mai haske mai tsananin tsami, akwai fari, kuma ba ɗanɗanonsu ɗaya ba. Wannan sani bai taɓa hawa jikin buhu ba.

Sai dai kada a ɗauka suna ya raba manomin Wahaka da matsala. Kasuwa na buƙatar kaya bana, tsiro kuwa sai bayan shekara bakwai. Idan farashi ya hau kowa ya shuka, har ana sare dajin tsauni a jera espadin. Ranar da suka nuna tare, farashi ya rushe. Na daji irin su tobala an tsince su har sun yi ƙaranci a wurare da dama. Kowane rami na cin itace mai yawa, kowace lita ɗaya da aka tace tana barin kusan lita goma na ruwan dagwalo mai tsami, wanda ke kashe kifi idan aka sake shi a rafi. Akwai kuma jemage. Wani ɗan jemage mai dogon hanci ne ke shan ruwan furen magei da dare yana ɗaukar ƙwayar haihuwa daga wannan zuwa wancan. Idan an datse kowane kiyote, jemage ya rasa abinci, tsiron kuma ya koma yaɗuwa ta 'ya'yan gindi kawai, duk gona ta zama jini ɗaya, cuta ɗaya ta iya share ta. Masanin jemagu Rodrigo Medellín ya daɗe yana roƙon manoma su bar kashi 5 cikin 100 na tsironsu ya yi fure, wasu kuma sun amsa.

Hayaƙi da 'ya'yan itace a madafinmu

Ɗanɗanon da ake bi har Wahaka ana nema, rabinsa yana cikin murhu. Na gwada haɗin da ba barasa a cikinsa sau da dama, kuma ga yadda ya fi yi mini daɗi.

A fere rabin abarba nunanniya, a yanka ta faifai-faifai masu kaurin yatsa, a ɗora a kan waya bisa garwashin gawayi. Kada a yi gaggawar juyawa. A bari sukarin ya ƙone kaɗan, gefen ya yi baƙi-baƙi, ƙamshin ya sauya daga na ɗanyar abarba zuwa wani abu mai kama da alewa. A nan ne ake kwaikwayon abin da rami ke yi wa pinya. Lemun tsami uku ma a raba su biyu a kifa a kan wayar na ɗan lokaci, ruwansu zai fi fita, tsaminsu ya yi laushi.

A gefe guda a wanke busasshen zoɓo cikin hannu biyu, a zuba cikin lita ɗaya ta ruwan da ya tafasa tare da ɗanyar citta dakakkiya da 'yar tsamiya kaɗan. A sauke, a rufe, a bar shi minti ashirin. Daɗewa a kan wuta na sa shi bauri. A tace, a sa sukari ko zuma tun yana da ɗumi, amma a rage hannu, don abarbar na tafe da nata zaƙin. A markaɗa gasasshiyar abarba, a tace ta cikin zoɓon, a matse lemun.

Saura hayaƙin kansa. A zuba haɗin cikin tukunya mai faɗi da murfi. A sami ƙaramin kwano na ƙarfe a ɗora shi yana iyo a kai, a sa garwashi ɗaya jajir a ciki, a ɗora masa guntun kirfa ko kanumfari uku, a rufe tukunyar nan take. Minti uku ya isa a karon farko. A buɗe, a cire kwanon, a juya, a ɗanɗana. Idan ana son ƙari a maimaita, amma hayaƙin da ya yi yawa ba ya fita, sai dai a ƙara ruwa. Wannan ba sabon abu ba ne ga matan Barno da na Sudan, waɗanda suka daɗe suna turara randa da tulu don ruwan sha ya ɗauki ƙamshi. Sai dai a kiyaye: kada a yi amfani da gawayin da aka kunna da kananzir ko leda, kada a sa turaren wuta mai haɗin turaren kwalba, kuma gashin a yi shi a tsakar gida, ba cikin rufaffen ɗaki ba. Wanda ke da hanyar samun ganyen shayin lapsang na ƙasar Sin, wanda ake busarwa a kan hayaƙin itace, cokali ɗaya cikin ruwan zoɓon zai yi masa aikin ba tare da garwashi ba.

A daka gishiri da busasshen barkono kaɗan, a shafa lemun tsami a rabin bakin kofi, a dangwala. Rabi kawai, don mai sha ya zaɓi ta inda zai kurɓa. A cika kofin da ƙanƙara, a zuba. A sha a ranar, ko a sa a firji, domin ruwan abarba mai sukari idan ya kwana biyu a ɗumi yakan fara tsima da kansa. Mutanen Meziko da gangan suke barin ɓawonta ya yi haka, su samu wani abin sha da suke kira tepache.

Zoɓon da aka tace kuma kada a zubar. A can sukan matse shi, su soya da albasa da tafarnuwa, su naɗe cikin gurasarsu ta masara su ci. A nan sai a yayyanka shi, a zuba dakakken ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan man gyaɗa, a kwaɗanta.